Layi Uku don Ustaz Lutfi

Ina wurin aiki Mama ta kira ni, ina fama da bayanin wata tukunyar lantarki da ya ƙi shiga gurbinsa. Aikina ke nan: wani kantin intanet ne a nan Iskandariya ta ƙasar Masar nake rubuta wa bayanin kaya, su tukwane, su injin markaɗe, su dutsen guga. A gefen allon kwamfutata akwai wata 'yar fitila da ke auna duk abin da na rubuta. In jimla ta yi tsawo sai ta yi ja, in ta yi dama-dama ta yi ɗorawa, in ta zo daidai da haƙurin mai karatu a waya ta yi kore. Na daɗe ina bauta wa fitilar nan, har a mafarki nakan gan ta tana mini ja.

"Basant, babanki ya fita," in ji Mama.

"Ya fita ina?"

"Da na sani zan kira ki ne? Na shiga wanka, na fito na tarar da ƙofa a buɗe. Kuma na yi masa allurar sukari, bai karya ba tukuna. Ga wakensa nan a kan tebur ko taɓawa bai yi ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta fi tayar mini da hankali. Duk gidan da ke da mai ciwon sukari ya san abin da allura ke yi a cikin da babu abinci. Na leƙa taga, na ga sararin teku ya fara haɗa baƙi. Tun jiya masu kamun kifi ke cewa guguwar ruwan hunturu na hanya.

Babana, Ustaz Lutfi Ginidi, ya koyar da Larabci tsawon rayuwarsa, har ya zama babban sufeton makarantu kafin ya ajiye aiki. Mutum ne mai son doguwar jimla. Ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya yi wa maganar shimfiɗa. Ranar da na nuna masa irin rubutun da ake biyana a kai, ya gyara tabarau ya karanta, ya ce, "'Yata, wannan ba rubutu ba ne, atishawa ce." Yau kusan shekara biyu ke nan da mantuwa ta fara cinye shi, kuma mu 'yan gida mun rufe maganar ruf. Duk wanda ya tambaya sai mu ce ciwon baya ne ya hana Ustaz saukowa masallaci.

Na bar tukunyar da jar fitilarta na fito. Kafin in samu tasi a cunkoson rana, babban wana Midhat, da nake kira Abe don girmamawa, ya riga ya zagaye unguwarmu Muharram Bey da mota, ya leƙa gidajen shayi, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ya kira ni ya ce kada in damu, ya sa cigiya a shafinsa, kuma masu kula da shafin unguwa sun ɗauka sun yaɗa.

Na buɗe waya a cikin tasi. Ga hoton Baba ranar bikin ajiye aikinsa, cikin kwat da laktaye, gashi baƙi wuluk saboda rini, fuska cike. A saman hoton ga rubutun Abe. Ya fara da bismilla, ya kawo ayar haƙuri, sannan: "Iyalan Ginidi na Muharram Bey da danginsu na Damanhur, cikin miƙa wuya ga hukuncin Allah, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa mahaifinsu, babban malami mai tarbiyyar al'umma, Hajji Ustaz Lutfi Abdul'azim Ginidi, tsohon babban sufeton..." A nan wayar ta yanke, ta sa ɗigo-ɗigo da 'yan kalmomin nan masu launin toka: Duba sauran.

Ni kaina da na san abin da ke ciki sai da gabana ya faɗi. Na gangara ƙasa inda mutane ke amsawa.

"Allah ya jiƙansa da rahama."

"Malamina ne, wallahi mutumin kirki. Allah ya sa Aljanna ce makoma."

"A wane masallaci za a yi masa salla?"

Haka suka jero, ɗaya bisa ɗaya, kowa da addu'arsa. Na danna Duba sauran. Kalmar "ya ɓace" tana can ƙasa, bayan an gama lissafa Injiniya Midhat da Malama Basant da surukai da jikoki. Lambar waya kuwa ita ce ta ƙarshe, bayan godiya. Na ce wa mai tasi ya taka mota don Allah. Ya ce in nuna masa inda zai taka ta.

Na tarar da Mama a falo da waya a kunne, tana rantse wa goggonmu Tanti Su'ad ta Damanhur cewa ɗan'uwanta bai mutu ba. Ashe Tanti har ta sa baƙaƙen kaya ta aika a nemo mota. Abe yana tsaye bakin taga, jijiyar wuyansa ta fito.

"Abe, ka ga abin da ake rubutawa?"

"Na gani. Jahilai ne kawai, ba sa karatu. Na rubuta musu gyara a ƙasa."

"Gyaran naka ya nutse, ta'aziyya ta binne shi. Kuma ba jahilci ba ne, Abe. Mutum yana tsaye a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, hannu ɗaya a ƙarfe, yatsa ɗaya a waya. Layi uku yake gani. Ya ga bismilla, ya ga aya, ya ga sunan dangi, ya ga hoton kwat. Kai da kanka in ka ga haka me za ka ce?"

"To in fara da me? In ce ga tsoho ya ɓata kamar akuya?"

"Ka fara da abin da zai sa mutum ya ɗaga kai ya dubi titi. Yanzu rabin garin nan sun ga fuskar Baba, kuma babu mai neman sa, don ba a neman matacce a titi."

Mama ta ajiye waya ta ce a'uzubillahi, in daina kiran wannan kalmar a gidanta.

Abe ya girme ni da nisa, shi ya riƙa kai ni makaranta, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba, na zauna a teburin Baba na buɗe kwamfuta. Na kwafo cigiyar na zuba a ma'aunin wurin aikinmu. Daga sama har ƙasa ja, jimla ɗaya ce tal ta cinye rabin shafi. Da Baba na da ne ya gani, da ya ba Abe maki cikakke.

Na fara yanka. Dangin Damanhur suka tafi, surukai suka bi su. "Mai tarbiyyar al'umma" bai ba ni wahala ba. Ina yi ina gwadawa a wayata in ga inda za ta yanke, don wayar ba ta san girman kowa ba, haruffa kawai take ƙirgawa. Na iso kan "Ustaz" na tsaya. Tunda na buɗe ido a duniya ban taɓa jin an kira sunan Baba babu wannan kalma ba, ko Mama ma da ita take kiransa a gaban baƙi. Na bar ta tukuna.

"Mama, me ya sa a jikinsa?"

"Kayan barcinsa masu ratsin shuɗi, da falmaran ɗin ulu da na saƙa masa. Silifas ne a ƙafarsa. Ya bar tabarau."

Ina da hotonsa a wayata da waɗannan kayan, na ɗauka makon jiya yana cin lemo. Gemu ya tofo fari, kumatu sun faɗa, ruwan lemo na bin haɓarsa. Wanda duk ya ga mutumin kwat ɗin can, zai wuce wannan a hanya bai waiwaya ba.

Abe ya leƙo ta kafaɗata. "Wannan hoton za ki sa? Kin haukace ne, Basant?"

"Haka yake yanzu, Abe."

"Mutumin da in ya shiga makaranta har shugaban makaranta sai ya miƙe? Ki nuna wa duniya shi da kayan barci, yawu a baki?"

"Lemo ne."

"Kada ki raina mini hankali!"

Na juya ga Mama na yi mata tambayar da nake tsoro. "In wani ya gan shi, da wane suna zai kira shi ya amsa?"

Mama ta dubi Abe, ta dubi ƙasa. Abe ranar Juma'a da safe yake zuwa gaisuwa, lokacin da kan Baba ya fi zama daidai, ya sumbaci hannunsa, ya ɗan zauna ya tafi. Bai taɓa ganin Baba da rana ta karkata ba.

"Ba ya amsa Lutfi," in ji Mama a hankali. "Ba ya amsa Ustaz. Baban ma sai ya ga dama. Sai dai in ka ce Lulu."

"In ce me?" in ji Abe.

"Lulu. Haka marigayiya kakarku ke kiransa yana yaro. In rana ta yi, ita yake nema. Yakan ce Mama ta yi latti. Sau ɗaya na yi kuskure na ce masa ta rasu, ya yi kuka kamar ranar aka gaya masa, ya ture ni zai fita. Tun daga nan sai in ce tana zuwa."

Abe ya zauna a hannun kujera. Da ya sake magana muryarsa ta sauka, kuma wannan ya fi ihun ciwo.

"Basant, ki saurare ni. Bikin Nurhan saura kaɗan. Kin san dangin yaron nan, kin san uwarsa. In suka karanta cewa kakan amarya ba ya tuna sunansa, yana yawo a titi yana neman uwarsa da ta mutu tun kafin a haife ki, me za su ce? Za su ce abin a jini yake. Shekara biyu muna rufa wa mutumin nan asiri. Ki rubuta dattijo ne mara lafiya, ya isa."

Nurhan 'yarsa ce ta fari, kuma ni na yi mata wankan jarirai. Maganarsa ba shirme ba ce, na san matar da yake nufi. Amma ina kallon agogon bango, lokacin abincin rana ya gota, kuma iska ta fara kaɗa tagogin baranda.

"Abe, dattijo mara lafiya sun cika garin nan. In mutum ya je ya ce masa Ustaz Lutfi, zai kalle shi ne kawai, mutumin ya ce ba shi ba ne ya wuce. In kuma ya ce yana neman mamarsa, wani mai tausayi ya ce masa Allah ya jiƙanta, sai ya tashi ya ƙara gaba. Wurin da nake da shi layi uku ne. Ko Ustaz ya shiga, ko Lulu ya shiga, ba zai ɗauki su biyun ba."

"To ki sa layi huɗu mana!"

"Ba ni na yi wayar ba."

Mama ce ta miƙo hannu ta karɓi wayata. Ta daɗe tana kallon hoton, har ta sa babban yatsa tana shafa wurin haɓar kamar za ta goge lemon.

"Midhat," ta ce, "Ustaz ya daɗe da barin gidan nan, ni na sani don ni nake kwana da wanda ya rage. Wanda ya ragen nake so a dawo mini da shi kafin ruwa ya sauko. Rubuta, Basant."

Na goge Ustaz. Na goge Lutfi ma. Ban san ina kuka ba sai da na ga haruffan suna rawa. Abin da ya rage ke nan:

"YA ƁACE, YANA RAYE. Muharram Bey, yau. Ba ya tuna sunansa, ku kira shi Lulu. Yana neman mamarsa, ku ce tana zuwa. Ku ba shi sukari, ku kira mu."

Lambar waya na rubuta ta a jikin hoton da manyan lambobi, don kada ta faɗa ƙasan yanka. Na gwada a wayata, ya shiga cif, babu Duba sauran. Fitilar ta yi kore, kuma ban taɓa tsanar koren nan ba kamar ranar.

Abe ya karanta sau ɗaya. Ya ciro wayarsa ya goge tasa cigiyar, ya ɗauki makullin mota ya fita. Na aika wa masu shafin unguwa, na aika wa abokan aikina, na roƙi kowa ya yaɗa.

Sai jira. Wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, amma babu kiran da nake so. Wani ya ce ya ga tsoho a tashar Sidi Gabir, na tambayi kayansa ya ce jallabiya ce. Wata ta kira don kawai ta ce mini ba mu da kunya, mun bar uba yana gararamba. Wani tsohon ɗalibin Baba ya kira yana tambaya shin mutuwar ce gaskiya ko ɓatan. Duk kiran da ya shigo sai Mama ta miƙe, in na girgiza kai ta koma ta zauna. Ta ƙi ɗauke waken daga kan tebur. A raina ina ta lissafin abin da likita ya taɓa gaya mana: gumi, rawar jiki, sannan mutum ya kwanta kamar mai barci, masu wucewa su ɗauka barcin ne.

Ana kiran la'asar ruwa ya tsuge, irin na teku, mai zuwa a karkace. Na tsaya a baranda ina kallon mutane na gudu da jaka a ka, na ce a raina, shi ke nan, na tona masa asiri a banza. Na zubar masa da girma a gaban ɗalibansa, na ɓata wa Nurhan aure, kuma ga shi ko gawarsa ban samo ba. Nan wayar ta sake ƙara.

"Ke ce 'yar Lulu?" Muryar mace ce mai kauri, ana jin ruwa na dukan rumfa a bayanta.

"Eh," na ce.

"Sunana Madam Afaf, ina da shagon littattafai da alewa a Bahari, daura da tsohuwar firamare. Tun azahar yake zaune a bakin ƙofar makarantar. Na tambaye shi sunansa ya yi mini banza, na ce ko kakan wani yaro ne. Yara suka watse, shi yana nan. Yanzu 'yata ta nuna mini waya, na fita na ce Lulu, wallahi sai ya ɗaga hannu ya ce na'am. Na ba shi shayi da sukari cokali uku da halawa, ya cinye. Gumi yake yi ɗazu amma ya daina. Sai dai ya ƙi shigowa, wai Mama ta ce ya jira a bakin ƙofa. Na ce masa tana zuwa, yadda kuka rubuta. Ku yi sauri, 'yata, ruwan nan ba na wasa ba ne."

Bahari ce unguwar da aka haife shi. Tiram ya hau, ba shakka, don babu mai tambayar tsoho irinsa tikiti. Na kira Abe, yana kusa, ya zo ya ɗauke ni. Muka bi hanyar bakin teku. Igiyar ruwa na tsallako katanga tana watsa wa motoci. Wayarsa na ajiye tsakaninmu, ta yi ta haske, na ga sunan uwar angon Nurhan a kai. Ta katse, ta sake kira. Bai ɗauka ba, bai kuma kife wayar ba.

Mun hango shi tun daga nesa. Yana zaune a dakalin ƙofar makarantar, gwiwoyi a haɗe, hannuwa a kan cinya. An yafa masa tawul, wata mata mai jiki tana riƙe masa lema, ita kuma ruwa na dukan bayanta. Mutanen layin sun taru a ƙarƙashin rumfuna suna kallo, wasu da waya a hannu. Silifas ɗinsa ɗaya babu.

Abe ya riga ni fita. Ya tsallake kwata da gudu, ya tsaya a kansa yana haki.

"Baba! Baba, tashi mu tafi gida."

Baba ya ɗaga kai ya ga ƙaton mutum mai furfura a gefen kai yana miƙo masa hannu. Ya matsa jikin ƙofa, ya ƙanƙame ƙarfenta.

"Baba, ni ne, Midhat. Ustaz Lutfi! Dube ni mana!"

Baba ya juya ga Madam Afaf. "Tanti, ban san shi ba."

"Kai ɗana, kana tsorata shi," in ji ta. "Kira shi da sunansa mana."

Na matso kusa. Abe ya dubi mutanen da ke rumfuna, ya dubi wayoyinsu. Ruwa na zuba daga gashinsa zuwa cikin wuyan rigarsa. Sai ya durƙusa a cikin ruwan nan da wandonsa na ofis, har kansa ya zo ƙasa da na Baba.

"Lulu," ya ce.

Baba ya saki ƙarfen. "Na'am."

Abe ya share ruwan da ke fuskarsa.

"Mama ce ta aiko ka?" in ji Baba.

"Ita ce."

"Ta yi latti. Kowa ya tafi ya bar ni."

"Ta sani. Ta ce ka yi haƙuri."

Baba ya yi ɗan tunani, ya gyaɗa kai, ya miƙe a hankali da silifas ɗaya. Ya dubi titin da ruwa ya cika, da motar da ke can ɗaya gefen.

"To ka riƙe mini hannu," ya ce. "Ta hana ni tsallakawa ni kaɗai."

Abe ya riƙe.